Me Ke Kashe Bakteriyar Waken Suya a Gona Kafin Baɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman waken suya a yankin Giwa ta jihar Kaduna. Bara na shafa wa irina baƙin garin nan mai bakteriya kafin shuka, kuma na ga bambanci. Bana malamin gona ya ce sai na sake saya. Shin bakteriyar bara mutuwa ta yi? Wani mai shagon kayan gona ya ce yunwa ce ke kashe ta, in sayi takin ruwa mai amino asid in zuba wa ƙasa. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Malamin gona ya fi mai shago gaskiya, ko da yake maganar mai shagon ba ta rasa tushe ba.

Garin da ka shafa yana ɗauke da bakteriya mai rai daga dangin Bradyrhizobium, wadda ke shiga saiwar waken suya ta yi ƙulli, ta kamo wa tsiro naitirojin daga iska. Wadda aka fi sakawa a irin wannan gari, har da NoduMax da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar, ita ce mai lamba USDA 110. A shekarar 2002 masana a Japan suka karanta kundin gadonta kaf, suka tarar da ƙwayoyin gado sama da 8,000, kusan ninki biyu na abin da bakteriyar hanjin mutum, E. coli, take da shi. Mai zama cikin ƙasa tana buƙatar kayan aiki da yawa, domin yau ruwa, gobe fari, yau abinci, gobe babu.

Amino asid su ne tubalan da ake gina furotin da su, kala 20 ne. Mu 'yan Adam guda 9 daga ciki sai mun ci a abinci. Ita kuwa wannan bakteriya tana da ƙwayoyin gadon da ke ƙera duka ashirin ɗin, muddin ta sami abin da zai ba ta ƙarfi da ɗan naitirojin. To ka ga rashin amino asid ba shi ne ajalinta ba.

Ko da ka zuba, ba ita za ta sha ba. A cikin giram ɗaya na ƙasa mai kyau ana samun bakteriya har biliyan, ga kuma dangin naman gwari. Gwaje-gwaje sun nuna amino asid da aka zuba a ƙasa rabinsa kan ɓace cikin 'yan sa'o'i, masu saurin ci sun wawushe. Bradyrhizobium kuwa sananniyar mai nawa ce: wasu kan ninka kansu cikin sa'a ɗaya ko biyu, ita sai ta yi sa'o'i 6 ko fiye. Kuɗinka zai tafi ne wajen ciyar da kishiyoyinta.

Inda amino asid ke da tasiri na gaske shi ne a bakin saiwa. Tsiro yana tsiyayar da sukari da amino asid ta saiwarsa, kuma bakteriyar da ke da ƙwayar gadon cin abin da wannan tsiro ke fitarwa ita ke riga saura kama wuri. A shekarun 1990 masana a Granada ta ƙasar Sifen sun yi aiki a kan bakteriyar ciyawar alfalfa. Sun lalata ƙwayar gado guda mai suna putA, wadda ke ba ta damar cin wani amino asid mai suna furolin. Bakteriyar ba ta mutu ba, tana ma iya yin ƙulli a saiwa idan ita kaɗai ce. Amma da aka haɗa ta da 'yar'uwarta lafiyayya, sai aka bar ta a baya. Wannan shi ne abin da mutane ba su cika lura da shi ba: a cikin ƙasa ba sai an kashe ka ba, ya isa a riga ka.

Bayan ta shiga ƙullin saiwa kuma labari ya juya. A shekarar 2009 rukunin Farfesa Philip Poole a Ingila suka nuna cewa a cikin saiwar koren waken Turawa, bakteriyar tana rage ƙera wasu amino asid masu reshe, wato lusin da aisolusin da balin, ta koma jiran tsiro ya ba ta. Ƙwayoyin gadon suna nan daram, rage aikinsu kawai ta yi. Da aka toshe ƙofofin da amino asid ɗin ke shiga jikinta, sai ta tsumbure, aikin kamo naitirojin daga iska ya ja baya, tsiron ya yi rawaya. Wato tsiro ne ke riƙe da akalarta, kuma abincin daga ganye yake saukowa, daga cikin jikin shukar. Abin da aka kwarara a kan kunya ba ya kaiwa can.

To me ke kashe ta? Rani. Da ka girbe, ƙullin saiwa ya ruɓe, bakteriya masu yawa su koma ƙasa. Daga nan sai watanni kusan shida babu ruwa babu saiwa, ga iskar hunturu, ga zafin Maris da Afrilu da kan sa saman ƙasa ya haura digiri 40. Wasu bakteriya irin su Bacillus sukan naɗe kansu cikin ɓawo mai tauri su yi barcin shekaru, har sai sun ji ɗanɗanon wani amino asid mai suna alanin a kusa sannan su farka. Bradyrhizobium ba ta da wannan baiwa. Abin da take yi shi ne tara wani sukari mai suna tirehalos, wanda ke hana fatarta da furotin ɗinta tsagewa idan ta bushe. An gwada lalata ƙwayoyin gadon da ke haɗa shi, sai bakteriyar ta kasa jure bushewa. Akwai kuma tsarin da ƙwayar gado relA ke jagoranta a bakteriya da dama: da ta ji abinci ya yanke, sai a dakatar da girma, a koma tattalin abin da ya rage. Duk da haka, yawansu yana faɗuwa sosai a ƙasa mai yashi, mai tsami, wadda aka share tas ko aka banka wa wuta.

Ba duka suke mutuwa ba. A gonar da aka daɗe ana noman waken suya za a sami ragowa. Matsalar ita ce ragowar a warwatse take, ita kuwa ba ta tafiya nisa, kuma akwai 'yan gida, bakteriyar da ta saba da wake da gyaɗa, waɗanda kan riga ta shiga saiwa, wasunsu kuma ba su kai ta kamo naitirojin ba. Ire-iren waken suya na TGx na IITA an ƙirƙire su ne don su karɓi 'yan gidan, amma su ma sau da yawa sukan ƙara yabanya idan an shafa musu garin. A Brazil, inda aka shafe shekaru da dama ana shafawa, binciken Dakta Mariangela Hungria ta cibiyar binciken noma ta Embrapa ya nuna sake shafawa kowace shekara na ƙara amfani da kimanin kashi 8 cikin 100. Ita ce ta karɓi Kyautar Abinci ta Duniya ta 2025 saboda irin wannan aiki.

Don haka ka sake saya, ka duba ranar lalacewarsa, kada ka karɓi wanda ya sha rana a teburin kasuwa. Ka jiƙa iri da ruwan ƙaro ko ruwan sukari kaɗan, ka cakuɗa da garin a inuwa, ka shuka a ranar cikin ƙasa mai danshi. Kuɗin takin ruwan nan ka sa shi a takin supa, domin ƙulli ba ya aiki sosai ba tare da fosfat ba, kuma ƙasarmu ta sabana tana ƙarancinsa. Yuriya mai yawa kuwa hana ƙulli take yi. Idan kana da takin dabbobi ka zuba, ka bar wani abu na karmami ya rufe ƙasa da rani. Shi ne ke sakin abinci a hankali, ya kuma rage zafi. Makonni 6 bayan shuka ka tono tushe biyu ko uku, ka tsaga ƙullin da farce. Idan cikinsa ja ne ko ruwan hoda, aiki na tafiya. Idan fari ne ko kore, ka nuna wa malamin gona.