Amsa: Da gaske akwai robar da ƙwayoyin bakteriya ke yi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko robar da aka ce bakteriya ke haɗawa gaskiya ce ko dabarar 'yan kasuwa, kuma ko tana ruɓewa. Gaskiya ce, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1926 wani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano sinadarin da ake yin wannan robar da shi, mai suna PHB, a cikin bakteriyar Bacillus megaterium.

Ga yadda abin yake: a ba ƙwayar sukari ko man girki da yawa, a rage mata naitirojin. Sai ta kasa hayayyafa, ta koma tara abincin a cikinta, kamar yadda raƙumi ke tara kitse a tozo. Wannan tarin shi ake cirowa a busar, a narka a yi roba. Wata bakteriya mai suna Cupriavidus necator kan tara PHB har ya kai kusan kashi 80 cikin 100 na busasshen nauyinta.

Tunda abincin bakteriya ne tun asali, ƙwayoyin ƙasa da na ruwa suna cinye shi. An yi kwalaben shamfu da wani nau'insa a Jamus a 1990, kuma likitoci na amfani da danginsa, P4HB, wajen zaren ɗinki mai narkewa a jiki.

Amma ka kula, ba duk ledar da aka rubuta mata "mai ruɓewa" ba ce wannan. Wata irin roba mai suna PLA tana buƙatar zafin masana'antar da ke ruɓar da shara ta zama taki kafin ta ruɓe, wasu kuwa dagargajewa kawai suke yi su bar ɓurɓushi. Matsalar PHB tsada ce, shi ya sa mai kanti ba ya ɗaure maka sukari da ita.