Me ya sa ɗan aiken AI ɗina yake ɗauko kayan aikin da ba shi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa wani shagon atamfa a Kantin Kwari ɗan aike na AI da zai riƙa amsa wa kwastomomi a WhatsApp. Na ba shi kayan aiki uku: na duba kaya, na duba oda, da na mayar da kuɗi. Amma in aka ce masa "ina kayana?" sai ya lissafo abin da ke cikin sito, ya bar odar mai tambaya. Na gwada manhajar, lafiyarta ƙalau. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka fara zargin bayanin da ka rubuta wa kowane kayan aiki. Ɗan aiken ba ya ganin cikin manhajarka sam. Abu uku kawai ake miƙa masa: sunan kayan aikin, bayaninsa, da jerin guraben da zai cike, wanda ake tsarawa da JSON Schema. Haka abin yake tun da OpenAI ta fito da wannan tsari a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, wato ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki, da Anthropic ta fitar a Nuwamban 2024.

To in ka rubuta "yana duba kaya" ka yi shiru, laifin wa? A Hausa abin da ke sito kaya ne, abin da mutum ya saya yake jira shi ma kaya ne. Ko sabon yaron shago ka faɗa wa haka, sai ya dawo ya tambaye ka. Shi kuwa AI sau da yawa ba ya dawowa, cankar ɗaya yake yi ya wuce.

Ga yadda nake auna bayani. Nakan cire shi daga manhajar in miƙa wa wanda bai san aikin ba, in tambaye shi: yaushe za ka ɗauko wannan, yaushe kuma ba za ka taɓa shi ba, me zai dawo maka da shi? Tambaya ta biyun ce aka fi faɗuwa. Naka ya kamata ya ce: "Yana nuna atamfofin da suka rage a sito da farashinsu. Kada a yi amfani da shi in mutum yana neman abin da ya riga ya biya, wannan aikin duba_oda ne."

Sai gurabe, kuma a nan ake asarar kuɗi. Gurbin da aka sa wa suna "adadi" kawai, naira ne ko kobo? Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, alal misali, da kobo yake karɓa, wato 5000 a wurinsa naira 50 ce. Ka rubuta ma'aunin ƙarara, ka ba da misali, ka faɗi yadda ake rubuta lambar waya: da 0 a gaba ko da +234.

Amma karatu kaɗai ba ya yanke hukunci. Tattaro saƙonni talatin ko arba'in irin waɗanda kwastomomi suke turowa da gaske, har da masu kuskuren rubutu da masu gaurayen Turanci. Gefen kowanne ka rubuta kayan aikin da ya dace. Ka sa har da waɗanda ba sa bukatar komai, kamar gaisuwa, domin ɗan aiken da ke garzayawa sito don an ce masa "ina wuni" shi ma ya faɗi jarrabawa. Ka maimaita kowane saƙo sau da yawa, tunda amsarsa takan sauya. Ƙirga inda ya dace, gyara jimla ɗaya, sake gwadawa. In ka gyara biyar a lokaci guda ba za ka san wadda ta yi maganin ba.

Tambaya: In na ɗauko kayan aikin MCP da wani ya rubuta, sai na karanta bayaninsa?

Amsa: Dole. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna ana iya cusa umarni a cikin bayanin, ɗan aiken ya karanta ya bi, alhali mai amfani bai gani a allonsa ba. Buɗe cikakken rubutun. In ka ga bayanin kayan lissafi yana cewa a karanto wani fayil, ko kada a sanar da mai amfani, cire shi. Ka sake dubawa duk lokacin da aka sabunta shi.