DAC ɗina ba ya kawo sauti a waya

Ɗan'uwa, ka ce ka jona DAC ɗin (na'urar da ke karɓar sauti daga waya ta fitar da shi zuwa hedifon) a ramin USB-C na wayarka amma shiru, ni ma ya taɓa min haka. Fara duba OTG (abin da ke ba waya damar aiki da na'urar da aka jona mata ta USB) a setin, wayoyi irin Oppo da Realme sai ka kunna shi da kanka, kuma yana kashe kansa bayan minti 10 in ba a jona komai ba. In yana kunne to canza kebul, wasu na caji ne kawai ba sa ɗaukar data.

Don Allah ka rage murya kafin ka sa hedifon a kunnenka. Kuma kar ka jona hedifon mai 3.5mm a ramin 4.4mm da adafta, yana iya ƙona amfilifayar, wato sashen da ke ƙara ƙarfin sauti. In DAC ɗin yana zafi sosai ko warin ƙuna, cire shi ka kai wa mai gyara.