Amsa ga mai shirin barin Landan zuwa Gilasgo

Malam, ka rubuto cewa an yi maka tayin aiki a Gilasgo, kana tambaya ko takardunka za su ci gaba da aiki a Sikotlan, da yadda iyalinka za su ji zaman, tunda wani abokin aikinka ɗan Ingila ya ce shi ma sai da ya yi baƙunta a can.

Shige da fice yana hannun gwamnatin Landan, saboda haka bizarka ɗaya ce a duk faɗin Birtaniya. Sai dai idan bizar ƙwararrun ma'aikata gare ka, ɗaure take da kamfanin da ya tsaya maka, kuma dole ne sabon kamfanin ya ba ka takardar ɗaukar nauyi, ka nemi a sabunta bizar, a amince, kafin ka kama aiki. Ina roƙonka kada ka ajiye aikin da ke hannunka sai wannan ya tabbata.

Gaskiyar abokinka ce, domin Sikotlan tana da dokokinta da majalisarta, kuma mutanenta ba sa son a kira su 'yan Ingila. Ko Baturen Ingila yakan ɗauki watanni kafin kunnensa ya saba da harshen mutanen Gilasgo. Maganin da likita ya rubuta kyauta ne tun 2011, alhali a Ingila ana biyan kusan fam 10 kan kowanne. 'Yan ƙasa da shekara 22 suna hawa bas kyauta, kuɗin ruwa kuwa tare da harajin gunduma ake karɓarsa. Amma mai albashi mai tsoka ya fi biyan haraji a can, don haka ka lissafa abin da zai shigo aljihunka kafin ka sa hannu.

Maganar karatun jami'a kyauta a Sikotlan ita ce na fi jin tsoro ta ruɗe ka, domin yawanci sai ɗalibi yana zaune a Sikotlan da izinin zama mai aiki, kuma ya cika shekara 3 a Birtaniya.

Abin da ya fi wahalar da mutanenmu shi ne hunturu: a Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4, kuma uwargida da ta saba da maƙwabta Hausawa za ta iya shiga kaɗaici. Da kun isa, ku nufi babban masallacin Gilasgo, wanda aka buɗe a 1984, ku nemi 'yan'uwa a Juma'ar farko.