Ga ƙanwata mai shirin zuwa Ingila karatun lafiyar al'umma

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce wata ta ba ki shawara ki yi kundin digirinki na biyu da bitar bincike bisa tsari, wato tattara binciken da wasu suka riga suka buga a kan tambaya ɗaya a tantance su, wai ya fi sauƙi tunda ba sai kin fita tattara bayanai ba. Ki yi shi, amma ki cire maganar sauƙi a ranki.

Digirin nan shekara ɗaya ne, kundin kuma daga Yuni zuwa Satumba ake rubuta shi, ga jiran izinin kwamitin ɗa'a idan da marasa lafiya za ki yi aiki. Shi ya sa ɗalibai da yawa ke karkata ga bitar.

Tambaya ɗaya tak za ki riƙe. Ki rubuta sharuɗɗan binciken da za ki karɓa tun ba ki ga sakamakon kowa ba, don kada son zuciya ya zaɓar miki. Sai ki shiga PubMed da Embase, rumbunan takardun binciken lafiya a intanet, takardu su zubo miki dubbai, ki zauna tsinta ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a wake. Duk wadda kika cire bayan kin karanta ta, sai kin rubuta dalili. Jadawalin PRISMA, wanda ke nuna takardu nawa aka samu, nawa aka cire da dalilin cirewa, zai nema.

Meta-analisis kuwa haɗa alƙaluman binciken ne su ba da amsa ɗaya, babban bincike ya fi ƙarami nauyi. Nan ake zamewa. Kwamfuta ba ta musu, ko kin haɗa na yara da na manya za ta fitar miki da adadi mai kyan gani. Kuma binciken da ya ga magani bai yi aiki ba sau da yawa ba a buga shi, sai a takarda a ga kamar maganin ya fi ainihin ƙarfinsa.

Abin da ya sa nake girmama aikin: maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara da damina a Katsina da Maraɗi, a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A shekarar ce bitar Cochrane, ƙungiyar da ta shahara da irin wannan bita, ta nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin.

Kafin bizarki ta fito, ki fara karanta littafin jagora na Cochrane, kyauta ne a intanet, ki koyi Zotero, manhajar adana takardu da tsara manazarta. Ki gaida Umma.