Ga ɗan'uwan da ke tambaya ko ya bar koyon rubuta manhaja saboda AI

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta, ka fara koyon yarukan rubuta manhaja na Python da JavaScript, amma ko'ina ka juya sai ka ji ana cewa ChatGPT, manhajar nan ta AI (ƙirƙirarriyar basira), ya cinye sana'ar, har wani abokinka ya ce gara ka bi baffanka kasuwa. Tambayarka ita ce ka ci gaba ko ka haƙura.

Ka ci gaba. Sai dai ba zan rufe ka ba, sana'ar da na shiga shekaru goma sha biyu da suka wuce ba ita za ka tarar ba.

Lokacin da na fara a nan Kano, idan kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ya ƙi tafiya sai ka kwana a Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, kana laluben wanda ya taɓa cin karo da irin matsalarka, ga data na ƙarewa, ga wuta an ɗauke. GitHub Copilot, AI mai taya rubuta kod, ya fito a 2021, ChatGPT ya biyo baya a watan Nuwamba na 2022, daga nan komai ya sauya. Shafin yin rajista da shiga manhaja, wanda a da nakan yi kwana biyu a kansa, yanzu kafin shayina ya huce an zubo min shi. Ina amfani da waɗannan kayan kullum, kuma wallahi sun rage min wahala.

Inda abin ya yi zafi shi ne wajen sababbin shiga. A da idan muka karɓi ɗan hidimar ƙasa ko ɗalibin da ya zo sanin makamar aiki, ƙananan ayyuka muke ba shi: gyara maɓalli, haɗa fom, tsara rahoto. Da su yake koyo, da su kuma yake samun na mota. Yau irin waɗannan ayyukan ne na'ura ta fi iyawa, don haka ƙofar shiga ta ƙuntata. Ga kuma korar ma'aikata da manyan kamfanonin Amurka suka yi: Meta ta sallami kimanin 11,000 a ƙarshen 2022, Google 12,000 a Janairun 2023. Wannan ya fi alaƙa da yawan ɗaukar da suka yi lokacin korona, amma ya jefa ƙwararru da yawa cikin masu neman aikin nesa, irin wanda matasanmu ke hanƙoro don a biya su da dala.

To bari in ba ka labarin abin da ya sa har yanzu nake cewa ka tsaya.

Bara wani Alhaji mai shaguna uku a Kantin Kwari ya nemi mu yi masa manhajar lissafin kaya. Na ba wani yaro da ke aiki tare da ni, mai ƙoƙari ne sosai. Cikin kwana biyu ya kawo abu mai kyan gani, kusan duka AI ce ta rubuta. Muka kai kasuwa. Yaron shago ya danna sau uku ya ce, "Ina zan sa rabin turmi?" Manhajar ta ɗauka kowane kaya ɗaiɗai ake sayar da shi. Ba ta san atamfa dila take zuwa ba, a fasa a sayar turmi-turmi, shadda kuma a yanka ta yadi. Ba ta san mai saro kaya daga Maraɗi zai ɗauki na miliyan biyu ya ba da rabi, sauran sai ya dawo bayan Sallah ba. Bashi shi ne rabin cinikin Alhaji, amma babu gurbinsa ko ɗaya a rumbun bayanan. Sai da na yi kwana huɗu ina zama a kan benci a shagon, ina kallon yadda suke rubutu a littafinsu mai baƙin bango, sannan muka sake tsara komai daga tushe. Bayan mun fahimci abin, AI ta taimaka mana muka gama da sauri. Amma zaman bencin nan babu na'urar da za ta yi maka shi.

Akwai labari na biyu da ya fi tayar min da hankali. A shafin biyan kuɗin wata makaranta, kamfanin da ke karɓar kuɗin da kwabo yake lissafi, ba da naira ba. Kod ɗin da aka kwafo ya tura adadin yadda yake, ba a ninka shi sau ɗari ba. Mai biyan naira 50,000 sai a cire masa 500, rasit kuma ya fito an biya duka. Allah ya taimake mu a wajen gwaji muka gano. Layi ɗaya ne tak, kuma wanda ya liƙa shi bai karanta ba, saboda ya ga yana tafiya.

Shi ya sa yanzu idan zan ɗauki mutum ba na tambayarsa yaruka nawa ya haddace. Kod nake miƙa masa mai ɗauke da kuskure in ce ya karanta ya faɗa min abin da yake yi da inda zai fashe. Da yawa a nan suke tsayawa.

Shawarata, a watanninka shida na farko ka rubuta da hannunka. Idan ka maƙale, ka tambayi AI ta yi maka bayani kamar malami, kar ka ce ta rubuta maka. Ka riƙe SQL (yaren rumbun bayanai) da Git (ma'adanar tarihin sauye-sauyen kod) da kyau, ka koyi rubuta gwaji, ka saba da karanta takardun bayanin manhaja da Turanci ko da kana jin nauyinsu. Kuma don Allah kar ka taɓa liƙa kalmar sirri ko bayanan kwastoma a cikin manhajojin AI, amana ce aka ba ka. Idan an buɗe rajistar shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2023 don horar da mutum miliyan uku, ka gwada, ko don abokan koyo da za ka samu.

Shawarar abokinka ma kar ka yar da ita gaba ɗaya. Ka je shagon baffan naka wannan hutun, ka roƙe shi ya nuna maka littafin bashinsa, ka gina masa ƙaramar manhaja da za ta yi aiki a wayar yaron shago ko babu intanet. Idan ka gama ka ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye kod, ka turo mana nan, in sha Allahu zan duba maka layi-layi.