Ku Tambayi Baba Injiniya: Bayinmu na amai duk damina

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Baba. Gidanmu na gado ne a Tudun Wada, mahaifinmu ya gina shi tun zamanin Gowon. Shekara uku ke nan, da zarar ruwan Agusta ya kankama sai bayi ya riƙa dawo da abin da aka zuba masa, tsakar gida ta ɗau wari. Sau biyu muna kiran motar yashe sokawe, bayan sati biyu abin ya dawo. Yanzu har ruwan rijiyarmu ya fara sauya ɗanɗano. Wani birkila ya ce sai an fasa komai an sake sabo, kuɗin da ya yanka kuwa ya fi ƙarfinmu. Ina mafita?

Wata uwargida, Tudun Wada, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Bayin zai iya jira, rijiyar ce ta tayar mini da hankali. Daga yau kada kowa ya sha ruwanta sai an tafasa. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin rijiya da sokawe ko masai, amma ni da ke mun san yadda gidajen Tudun Wada suke manne da juna. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa a Landan, kuma likita John Snow ya bi sawun cutar har zuwa famfo guda, wanda rijiyarsa ke gab da wani tsohon ramin masai.

To, sokawen da aka yashe ya cika cikin sati biyu, ba mutanen gida ne suka cika shi ba, ko da ku hamsin ne. Ruwan sama ne. Ko dai wani ya taɓa juya ruwan indararo da na rariyar tsakar gida cikin camba, wato ɗan ramin nan mai murfi da bututun bayi ke ratsawa kafin ya kai sokawe, don ya huta, ko bututun ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, ko kuma ƙasar kanta ta ƙoshi. A Agusta ƙasar Zariya kan sha ta yi hani'an, ga shi kududdufan da ke karɓar rarar ruwa a da an cike da yawansu an yi gini a kai.

Kada a taɓa diga tukuna. Ki sayi bula ta wanki, ki dama a bokiti, a buɗe murfin kowace camba, mutum ɗaya ya zuba a bayi, saura su tsaya suna kallo. Inda shuɗin ya maƙale, ko ya fito kaɗan-kaɗan, a nan ciwon yake. Ranar da ake ruwa kuma a sake leƙawa: in camba tana gudu alhali babu kowa a bayi, kin kama ɓarawon.

Na taɓa yin haka a wani gida a Sabon Gari da aka ce wa mai shi sai ya rushe bayi uku. Da muka tona tsakanin camba ta biyu da ta uku, sai ga saiwar darbejiya ta shiga ta mahaɗar bututu, ta cure a ciki kamar wutsiyar doki, leda da tsumma sun naɗe ta. Mita uku kacal muka canza. Bututun wancan zamani na gasasshen yumɓu ne, ko ƙarfe, ko asbesto, kuma galibi a mahaɗa suke fara sarewa. In naku na asbesto ne, kada a yanke shi a bushe, ƙurarsa na illa ga huhu. A sa na roba mai inci 4, a ba shi gangare na santimita biyu da rabi a kowace mita. Ki tsaya a kansu su auna, don wasu masu aikin da ido suke yi.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Mu a Zariya yawancin unguwanni ba su da babbar magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa, kowane gida da sokawensa, sai kwata a waje. Landan kuwa tana da ita tun bayan warin da ya gallabe su a 1858, wadda injiniya Joseph Bazalgette ya gina, sai dai ta haɗa ruwan sama da na bayi a hanya guda. Da gari ya girma, ruwa kaɗan sai ta yi amai cikin kogin Thames, har ta kai su ga haƙa wata magudanar ƙarƙashin ƙasa don karɓar rarar, rami mai tsawon kilomita 25, wanda ya kammala a 2025. Ciwonsu ɗaya da na gidanku. A can kan zura kyamara cikin bututu, a saka masa sabuwar riga ta ciki ba tare da tono ba, dabarar da aka fara a 1971. Mu dai bula ta ishe mu.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada a tura yaro cikin sokawe don ya duba. Akwai iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai a ciki, tana sumar da ƙato nan take, wanda ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi. Kada kuma a kyasta ashana a bakinsa.

Ruwan indararo a raba shi da camba a satin nan, a kai shi kwata. Babban tono kuwa a bari sai ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba. Ki rubuto mini inda bular ta tsaya.